Gilashin da Ban Taɓa Ganin Haskensa Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata ta fari,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin natsuwa, ya tsare gabanki da bayanki, ya sa ƙafarki ta taka alheri duk inda ta nufa. Amin.

Na san za ki yi mamaki. Gida ɗaya muke, ƙofar ɗakina tana kallon taki, amma ga ni ina rubuto miki wasiƙa kamar wadda ta yi nisan duniya. To ya zan yi? Ke 'yar fari ce. Tun da aka haife ki ban taɓa kama sunanki ba, ban taɓa zaunar da ke na dube ki na ce ga abin da ke raina ba. Ke ma Adda kike ce mini, yadda kika ji ƙanwata, Innarki Hajara, tana kirana. Haka muka taras a gidanmu, ban kuma raina abin da muka taras ba. Sai dai bakina ne yake da nauyi, hannuna ba shi da shi. Kada ki yi wa rubutun dariya don kin ga ya yi manya-manya kamar na 'yan aji ɗaya. Iyakar abin da idon yake iya bi ke nan yanzu.

Innarki Hajara ta zo ranar Juma'a da yamma. Ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Adda, kin kuwa san 'yarki ta ce ba za ta tafi ba?"

Na ce, "Ina?"

Ta ce, "Karatun mana. Wai za ta rubuta musu su ɗaga mata shekara guda, sai ta ga yadda idonki ya yi. Ta ce kada in gaya miki."

Kin zaɓi ma'ajiyar sirri, sannu. Hajara ko tana 'yar yarinya ba ta iya riƙe magana daga tsakar gida zuwa zaure. Amma kada ki ji haushinta, wannan karon ta yi daidai. Akwatinki a ɗaure yake, mutanen jami'ar can ƙasar waje sun ware miki gurbi a ɗakin gwajinsu suna jira, ke kuma kina nan kina shirin kwance kaya saboda ni. Na san wannan shekara gudar. Na taɓa ɗaukar irinta. Shi ya sa zan ba ki labarin kurakuraina tun daga ƙanana, ki ɗauki abin da za ki ɗauka.

Kin san ni da koyar da fiziks a makarantar 'yan mata, kin kuma san na taɓa fara digiri na biyu ban gama ba. Abin da ban taɓa gaya miki ba shi ne aikin da nake yi a lokacin ɗan'uwan naki ne. Ranar da kika zauna a tabarma kina yi wa Babanki bayanin bincikenki, kina ɗaga murya yadda zan ji daga bakin murhu, ina sane da ke. Shi bawan Allah gyaɗa kai kawai yake yi, hankalinsa yana kan farashin taki. Ni kuwa shinkafar da nake tsincewa sai da na tsince ta sau biyu don kada in tashi. Kika ce za ki riƙa shafa sinadari siriri a kan gilashi, irin wanda ba ya sakar wa lantarki hanya kamar waya, ba ya kuma tare shi ƙememe kamar roba. Kika ce za a haska masa leza, wani siririn haske mai ƙarfi, a ɗaki mai duhu, shi kuma ya mayar da nasa hasken, daga launin a gane lafiyarsa. Kika ce akwai wata allura da ta fi gashi siranta, tana tafiya a kan shafen taku-taku, tana auna yadda wuta take wucewa a kowane gurbi. Babanki ya ce, "Allah ya ba da sa'a." 

Ni ma shafe nake yi, na sinadarin kadmiyam da farar wuta. Ba mu da manyan injuna. Kofin gwaji ne, da ruwan ɗumi, da 'yan gilasai masu faɗin yatsa biyu. A haɗa sinadarai, a tsoma gilashi, a zauna a yi ta haƙuri. In an ciro sai ki ga ya yi rawaya kamar garin ɗorawa, siriri har kina hango yatsanki ta bayansa. Wallahi ranar da na ciro na farko, da ba don kunya ba da na yi guɗa.

Kuskurena na farko a kan ruwa ne. An yi hutu, na taho gida Haɗeja da gilasai sababbi don in wanke su in shirya su kafin a koma. Tataccen ruwan da na zo da shi ya ƙare. Na dubi rijiyar gidan nan, ruwa garau, shi muke sha, shi muke alwala da shi, na ce me ya fi wannan tsarki? Na ɗauraye su da shi na shanya. Ke kin san rijiyarmu da ɗan ɗanɗanon kanwa, har baƙi suna yamutsa fuska in sun sha. Ni da na saba da shi a baki ba na jin sa. Da na koma na tsoma gilasan, shafen ya fito dabbare-dabbare, nan ya kama, can ya ƙi. Malamina ya juya su a hannu ya ce, "Malama, me kika canza?" Na ce ban canza komai ba. Ba ƙarya na yi niyya ba, har ga Allah ban ɗauki ruwan gidanmu a matsayin wani abu ba. Muka ɓata zango guda muna zargin sinadarai.

Don haka in kin je, abin da kika saba da shi har ba kya ganinsa, shi za ki fara tuhuma. In an tambaye ki me kika yi, ki faɗi duka, har wanda kike ganin bai kai a faɗa ba. In ba ki gane abu ba ki tambaya, ko da yaran da kika girma ne suke wurin. Na san ki, kin gado ni, gara ki kwana uku kina fama da ki ce ban sani ba. Wannan hali ki bar shi a nan, zan ajiye miki.

Na biyu ya fi ba ni haushi, don shi wauta ce tsagwaronta. Ina son abu mai kyau. Gilashin da ya fito sumul shi nake ɗauka, masu dabbare-dabbare in watsar. Sannan in maƙala waya a wannan gefe, in maƙala a wancan, in karanta mita, in rubuta lamba ɗaya in ce ga halin wannan shafe. Lamba ɗaya! Ni da na tashi a ƙauye kusa da Auyo, na sha shiga kwalekwale da damina, na sha ganin gora tana nutsewa har ƙarshenta a nan, a matsa kaɗan ta tsaya a gwiwa. Ban taɓa tambayar kowa zurfin kogin Haɗeja nawa ne ba, don na san ya danganta da inda mutum ya tsaya. Amma na shiga ɗakin gwaji na manta. Sai ga shi kin zo kina gaya wa Babanki cewa shafen ƙwayoyi ne ƙanana manne da juna kamar fangalin shinkafa, wuta tana gudu a cikin wani, tana cijewa a kan iyakar wani, wurin da ya yi duhu a ƙarƙashin leza sau da yawa nan ne take ɓacewa. Kika ce in an gane dalili, farantan sola irin waɗanda manoman fadama suke jan ruwa da su za su ƙara ƙarfi. Wato abin da na riƙa zubarwa a kwandon shara shi ne za a ɗauke ki a jirgi ki je ki duba.

Ban ce da ina da allurarku da na gano wani abu ba, kada in yi wa kaina kirari. Amma da na tsaya na tambayi kaina me ya sa nan ya kama can ya ƙi, da tun a makon farko na kama rijiyarmu. Saboda haka ranar da aikinki ya fito da muni, kada ki yi saurin ɓoye shi. Ki ajiye shi, ki rubuta masa suna, ki koma kansa in ranki ya huce. In sakamako ya ƙi bin abin da babban malaminku yake so, ki kai masa shi yadda yake, cikin ladabi. Fushinsa na yini ɗaya ne.

Yanzu ga babban, wanda saboda shi na ɗauki biro.

Malamina ya samo hanya. Wani abokinsa a ƙasar waje yana da leza, ya yarda a aika masa gilasaina ya haska su, mu ga irin hasken da za su mayar. An gaya mana in shafen ya tsaru da kyau kore yake bayarwa, in yana da taɓo a cikinsa sai ya karkata zuwa ja. Na zaɓi kyawawa na jera a akwati. Kina 'yar ƙarama a lokacin, kina wurin kakarki ta wajen uba. Ban taɓa ɗokin abu kamar yadda na yi ɗokin ganin wannan launi ba.

A daminar ne ruwa ya yi ambaliya ya ci ƙauyenmu. Katangar ɗakin Baffa, mahaifina, ta faɗo masa a ƙugu. A kwalekwale aka fito da shi zuwa bakin titi, aka kawo shi Haɗeja. Da aka sallame shi daga asibiti ba ya iya tashi, Dada, mahaifiyata, kuma ta riga ta rasu, sai aka sauke shi a gidan nan. Na zo na gan shi kwance, mutumin da yake bin shanu tun daga nan har dausayin Baturiya a ƙafa. Ban yi shawara da kowa ba. Na aika wa malamina cewa a ɗaga mini shekara guda.

Ni ma 'yar farin Baffa ce, kin gane. Ba ya kama sunana, "waccan" yake cewa. In zai yi mini magana sai ya dubi bango ko ya gaya wa wanda ke kusa. Ban ce masa ga dalilin dawowata ba, don a ganina abin a fili yake, faɗarsa ma kamar gori ne. Shi ma bai tambaya ba. Na ɗauki shirunsa a matsayin jin daɗi. Shekara ta zagayo, ƙafa ba ta warke ba, na ce a ƙara wata. Aka ba ni koyarwa, ƙannenki suka zo, malamina ya bar jami'ar, akwatin gilasaina ban san inda ya ƙare ba. Ba ranar da na zauna na ce na bar karatu. Kullum cewa nake baɗi.

Guda ɗaya ne ya tsira, shi ma don mummuna ne. Cikin masu dabbare-dabbaren nan ne, na jefa shi a jaka don in riƙa nuna wa ɗalibai. Wata rana da hantsi, Baffa ya tsufa sosai, an fito da shi inuwar darbejiya yana shan iska, Hajara tana yanke masa farce. Ni kuma ina gefe na buɗe gwangwanin da nake ajiye gilashin, ina goge masa ƙura. Ya daɗe yana kallon hannuna. Sai ya juya wajen Hajara ya yi ƙasa da murya, shi a tunaninsa ba na ji.

"Wai ni Hajara, waccan, me ta yi musu ne suka kore ta?"

Hajara ta ce, "Wa ya kore ta, Baffa?"

"Mutanen makarantar. Ai na ga tun shekarar ruwa ba ta koma ba."

Ban san lokacin da na yi magana ba. Rabon da in amsa masa kai tsaye tun ina yarinya. Na ce, "Baffa, ba a kore ni ba. Saboda kai na dawo."

Ya ɗago ya dube ni, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Saboda ni? Wa ya aike ki?" Na mayar da gilashin cikin gwangwani. Ya ce, "La'ilaha illallahu. Ga Hajara, ga 'yan'uwanki maza, ga mijinki bai taɓa gajiya da ni ba. Ni da nake zama a kasuwar Auyo ina cewa tawa tana can tana shafa wa gilashi abin da zai kama rana, suna mini dariya ina ƙara faɗa. Na ɗauka faɗuwa kika yi. Shekarun nan duk na kama bakina ne don kada in fama miki ciwo."

Ya juya fuskarsa wajen katanga. Hajara ta ci gaba da yanke farcen da ta riga ta yanke. Ni na tashi na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka fito da shi daga ruwa.

Ki fahimce ni da kyau. Ban yi nadamar jinyar mahaifina ba, ko kaɗan. Duk ruwan da na ɗumama masa ina fatan in same shi a gaba. Abin da yake ci mini rai shi ne ban tambaye shi ba. Na yanke wa mutum abin da yake so ba tare da na ji daga bakinsa ba, shi ma ya yanke mini, kowa yana tausayin ɗan'uwansa, muka zauna a gida ɗaya da kuskure har ya kusa tafiya kabari da shi. Magana ɗaya ce da ta raba mu da wannan, kuma ba wanda ya iya furta ta.

To ga ki kin ɗauko hanyar, har da saƙon kada a gaya mini. Tun da ba za ki tambaye ni ba, ga amsar. Ba na so ki zauna. Ban aike ki ba.

Zan gaya miki gaskiyar idon, don kada ki tafi da zargin an ɓoye miki. Hawan jinin ido ne. Likita ya ce abin da ya tafi ya tafi, maganin ɗigawa yana riƙe saura ne gwargwadon iko. Gefe-gefe ya rufe, tsakiya ce ta rage, ita ma wata rana da hazo. Ina jin tsoro, ba zan ce ba na ji ba. Na fi jin sa in na tuna karatun Alƙur'ani da fuskokinku. Amma zamanki ba zai ƙara mini gani ko na ƙwayar gero ba. Ɗiga magani kuwa Babanki ya karɓa. Ranar farko a kumatu ya zuba, ta biyu a gira, yanzu ya ƙware har yana yi mini faɗa in na ƙifta. Hajara kullum tana nan, ko ban kira ta ba. Ƙannenki sun isa aike. Ba a rasa masu riƙe mini hannu ba a gidan nan, amma mai zuwa ta ga abin da ban gani ba ke kaɗai ce.

Na san abin da yake ranki, don shi ne a nawa. Kina tsoron ki dawo ki tarar ba na ganinki. Yana iya faruwa. Shi ya sa kwanakin nan kike kama ni ina kallonki kina wanke-wanke, in kin waiwayo in yi kamar kaza nake kora. Ajiya nake yi. Na haddace ki tsaf, har ɗan tabon goshinki na faɗuwa daga kan turmi. In kin dawo ki yi sallama kawai, sauran ina da shi.

Sai 'yan ƙananan abubuwa. Ki riƙe salla a kan lokacinta, ɗakin duhun nan naku kada ya sa ki kasa sanin rana ta karkata. Ki sa tabaran kariya duk lokacin da za a kunna leza, ko da na ɗan lokaci ne, ko da wasu ba su sa ba. Ido ɗaya ya isa asara a gida ɗaya. Kadmiyam guba ne, ki wanke hannu kafin ki ci abinci. Ki ci abincin ma, ba shayi da biskit ba. Na sa miki kuka da daddawa da busasshen kifi, in sun hana shiga da su kada ki yi gardama, ki bar musu su ma su ɗanɗana. In kewa ta dame ki, ki kira ki ce kewa ta dame ni. Kada ki kira ki yi ta tambayar lafiyar awaki.

A cikin akwatinki, ƙarƙashin sallaya, akwai ƙaramin gwangwanin alawa. Gilashin nan ne a ciki, naɗe da auduga. Kada ki taɓa fuskarsa, ki kama shi ta gefe. In kin zauna kin saba da mutanen, kin ga ba takura, ki roƙi alfarma a ɗora shi a gaban leza. Ki gaya musu an ɗauraye shi da ruwan rijiyar Haɗeja mai kanwa, kada a sake ɓoye wannan. In allurarku za ta iya tafiya a kansa, ki bi da ita ta wurin da ya kama da wurin da ya ƙi. Sannan ki kira ni, ni da kaina, ba Babanki ba, ba Hajara ba. In kore ne ki ce kore. In ja ne ki ce ja, na san aikina, ba zan ji ciwo ba. In ma tsufa ya cinye shi bai ba da komai ba, ki ce Adda, duhu ne. Amma ki tsaya ki duba da kyau, ki ba ni shi dalla-dalla, ina ya fi haske, ina ya dushe, don da idonki zan gani.

Allah ya kai ki lafiya, ya sauke ki lafiya. Allah ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kare ki daga sharrin da kike gani da wanda ba kya gani, ya buɗe miki abin da ya rufe, ya dawo mana da ke cikin aminci. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini shiruna.

In kin karanta, kada ki zo ɗakina da jajayen idanu, ba zan iya ba. Ki ɗauko akwatin ki ajiye a zaure inda zan yi tuntuɓe da shi, na gane.

Ki tashi ki tafi, Safiya. Ga shi na rubuta da hannuna tun ina iya ganin yadda ya zauna a takarda. Ashe suna ne mai kyau.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
wadda kike kira Adda.